Takardar da Rifkatu Ta Rubuta Mini

Kafin in shiga zancen auren Dauda, sai na gyara wata magana da ta daɗe tana yawo a gidan nan. Ku jikokina kun tashi kuna jin wai na durƙusa a gaban kakarku Rifkatu a tsakiyar majami'a ina kuka, ita kuma ta ɗaga ni ta share mini hawaye. Ban durƙusa ba. Ban yi kuka ba, hayaƙi ne ya shiga mini ido, shi ma a waje, bayan an tashi sujada. Rifkatu mutuniyar kirki ce, amma duk labarin da ya kwana a hannunta sai ya yi ƙiba. Shi ya sa na zaunar da gwaggonku Tabita da biro, na ce ta rubuta yadda abin ya faru, kada ta ƙara gishiri.

Ni ban yi boko ba, kun sani. A ƙauyenmu can bayan Damri, yarinyar da ta iya daka da surfe da ɗaukar tulu ta gama karatu. Da kakanku Ishaya ya aure ni ya kawo ni Mafara, inda yake noman albasa da shinkafa a bakin ruwa, majami'armu ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano, mu ma ba mu da yawa: malaman makaranta, 'yan sandan da aka turo, masu shago, da irinmu 'yan ƙasa da iyayenmu suka karɓi bishara. Waƙoƙin sujada da kunne na kwashe su kaf. A faɗi lamba kawai, zan kama daga baitin fari har na ƙarshe ba tuntuɓe. Duk da haka ina da littafin waƙoƙina mai baƙin bango, ina naɗe shi a ƙyalle. In an faɗi lamba sai in buɗe in riƙe a gabana kamar kowa. Ba yaudara ba ce, ladabi ne. Mutum ba ya zuwa gaban Allah hannu rabbana.

Wurin zamana kuwa kowa ya san shi: ƙarshen benci na biyu a sashen mata, jikin taga. Daga nan ina ganin ƙofa, ina ganin yara, ina ganin wanda ya makara da wanda ke gyangyaɗi yana yi kamar addu'a yake. Ba wanda ya ba ni wannan aikin, amma ba wanda ya hana ni, kuma majami'ar ta zauna lafiya.

Ana nan sai aka turo wata malamar firamare garin, gwauruwa, da 'yarta ƙarama mai suna Maryamu. Malamar nan ita ce Rifkatu. Lahadinta ta fari, duk faɗin majami'ar nan ba ta ga wurin zama ba sai kusa da ni. Aka faɗi waƙa ta biyu, na buɗe littafi, na ɗaga murya. Ina cikin baiti na biyu sai na ga hannu ya shigo gabana, ya kama littafina, ya juya shi, ƙasa ya koma sama, ya mayar mini. Hannun Rifkatu ne. Har da murmushi. A bencin baya kuwa Asabe mai tuwo ta yi wata irin dariya ta hanci, guda ɗaya, ta haɗiye sauran. Shekara ashirin ina riƙe littafin nan yadda hannuna ya kama, mutanen garin nan sun gani sun rufa mini asiri, baƙuwa ta zo rana ɗaya ta tona.

Daga ranar ban sake yi mata magana ba har shekara tara. Kuma ban tashi daga wurina ba, don ni na riga ta. Ita ma ba ta tashi ba, wai fitilar da ke saman nan ta fi haske. Haka muka zauna kafaɗa da kafaɗa, Lahadi bayan Lahadi. In tana danne mini zane, sai in gaya wa iska, "A ce wa Malama ta ɗaga." In Fasto ya ce kowa ya gai da na kusa da shi, lokacin ne ɗankwalina ke kwancewa. Ranar jibin Ubangiji, da ake zagayawa da gurasa mai tsarki, ina karɓar faranti daga hannunta idona yana kan rufi. In kun tambaye ni a lokacin, cewa zan yi na yafe mata tuntuni, magana ce kawai ba ta haɗa mu ba. Har ni kaina na yarda da haka.

A shekara ta tara Dauda, autana, ubanku ke nan, ya zama cikakken mai gyaran injin ban-ruwa, manoma na nemansa daga nan har Bakura. Maryamu kuma ta girma, tana aiki a ɗakin shan magani. Wata rana da hantsi ina shanya daddawa ya zo ya tsuguna, hannunsa duk baƙin mai.

"Inna, akwai maganar da nike son yi da ke."

"In ta Maryamu ce, na gan ta tun kafin ka gan ta. Lahadi shida kana waƙa fuskarka na sashen mata."

"To, Inna, mi kinka ce?"

"Na ce ɗiyan mutane sun ƙare ne tsakanin Mafara da Bakura?"

"Mi yarinyar ta yi miki?"

"Yarinya ba ta da laifi. Amma ni ba ni haɗa jika da uwarta. Tashi, kana tare mini rana."

Bai yi musu ba, Dauda bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya ce ba zai yi aure ba tare da albarkata ba, amma kuma ba zai zauna a garin nan ya ga an kai Maryamu gidan wani ba. Da ma wasu mutane daga Maradun sun zo nemanta, Rifkatu ta ce su dakata sai an gama girbi. Dauda ya ce ranar da suka dawo, shi zai ɗaure akwatin kayan aikinsa a babur ya yi kudu, inda ba a san shi ba. Na san ɗana. Ba barazana yake yi ba. Na dube shi na ce Allah ya kiyaye hanya, na ci gaba da shanyata.

Ana tsakiyar yankan shinkafa aka yi taron farkawa na kwana uku. Mai wa'azin daga Gusau ya zo, wani gajere mai murya kamar ta mutum uku, Malam Barnaba. Ranar Juma'a ya ce yawancinmu mun karɓi Yesu yadda ake karɓar baƙo: an share masa zaure, an shimfiɗa tabarma, an kawo fura, amma akwai ɗaki ɗaya a cikin gida da aka sa wa kwado aka ɗaure mabuɗin a kugu. Ya ce Almasihu bai zo baƙunci ba, gidan ya zo karɓa duka, kuma wanda ya ba shi ɗaki tara ya riƙe ɗaya, har yanzu shi ne maigida, ba Yesu ba. Wa'azin ya yi mini daɗi ƙwarai. Na waiga na ga ya sami Asabe daidai, ya sami matar ɗan sanda, ya sami dattijai biyu. Ina ta gyaɗa kai. Sai a ƙarshe ya ce ranar Lahadi za a raba takardu, kowa ya rubuta abu ɗayan nan da ya hana Ubangiji, a naɗe, a zuba a ƙwarya, a fita waje a ƙone. Ba mai karantawa. Tsakaninka da Mai shi.

Ranar Asabar na sami kakanku a tsakar gida yana tsince albasa, yana ware mai ruɓa. Shi ya yi yaƙi da jahilci, yana rubutu, a hankali dai, harshe a waje.

"Malam, za ka rubuta mini tawa tun yau."

"To. Mi za a rubuta?"

"Rubuta goro. Na bar cin goro saboda Ubangiji."

Ko kai bai ɗaga ba. "Laraba, haƙoran cin goron saura nawa? Tun bara goro ya bar ki."

"To rubuta jar akuyata."

"Wadda ke cinye shanyar mutane? Wagga ba baiko ga Allah ba ce, neman sauƙi ne."

"Kai ne Allah da za ka zaɓa mishi?"

"A'a. Amma shekara talatin da biyar muna gida ɗaya, na san ɗakin da ke da kwado. Faɗi sunanta in rubuta."

"Sunan wa?"

"Shi ke nan. Biro ma ya ɓace."

Duk wannan a kunnen Hajiya Kulu maƙwabciyata, da ta shigo aron turmi ta tsaya a bakin ƙofa kamar ba ta ji. Mun daɗe tare da ita, azuminsu ina aika mata kunu, Kirsimeti tana aiko mini da 'ya'yanta su taya ni tuya. Ta ɗora turmi a ka, ta ce, "Laraba, mu dai a wajenmu gaba in ta wuce kwana uku malamai sun ce laifi ce. Ku shekara tara anka ba ku? Addininku akwai rangwame." Ta fice tana dariya. Turmin nan sai da na bar shi kwana huɗu a gidanta don kada in ga fuskarta.

Lahadi ta zo. Majami'a ta cika har da tsayuwa. Bayan wa'azi dattijai suka bi benci-benci suna raba takardu da aka yago daga littafin makaranta, da guntayen fensir. Na karɓi tawa, don ba zan zama ni kaɗai ba hannu wofi. Sai Malam Barnaba ya ɗaga murya ya ce, "Wanda bai iya rubutu ba kada ya ji kunya. Ya raɗa wa na kusa da shi ya rubuta masa." Na dubi haguna, taga. Na dubi damana, Rifkatu. Kakanku yana can sashen maza, na hango shi ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ya ce mini daga baya wai Ruhu ne ya taɓa shi.

Wuri ya yi tsit, sai ƙarar fensir. Na yi abin da na saba, na bi mutane da ido. Asabe ta cika gaban takardarta ta juya bayan, na ce a raina ai da ma. Rifkatu ta rubuta abu gajere ta naɗe. Dauda ya rubuta nasa, ya kifa kai a kan bencin gaba, bai sake ɗagowa ba. Ni kuwa dabara ta zo mini: in ja layi biyu uku kamar tonon kaza, in naɗe, in jefa. Wuta za ta ci, wa zai sani? Har na ɗora fensir a kan takarda. Sai na tuna wanda ake aika wa takardar. Ban ji murya ba, ban ga haske ba, kada wani ya ƙara mini wannan. Abin da na ji shi ne, ni da na shekara talatin ina kallon mutane a ɗakin nan, ana kallona. Kuma ba kallon fushi ba. Irin kallon da uwa ke yi wa yaro ya ɓoye tsokar nama a bayansa, man yana ɗiga a ƙasa, tana jira ya miƙo da kansa. Na ga cewa wanda ya ba da ransa dungum saboda ni, ni ina tayin tsohuwar akuya. Kunyar da na ji ranar littafi ba ta kai rabin wannan ba.

Ƙwarya ta gama bencin fari ta juyo namu. Na sa gwiwar hannu na zunguri Rifkatu. Ta zabura kamar kunama ta harbe ta.

"Ke, Malama. Rubuta mini."

Ta dube ni, ta dubi bayanta ko da wata nake. "Ni?"

"Da taga nike? Karɓi."

Ta karɓa. "Me zan rubuta, Mama Laraba?"

"Rubuta sunanki."

Na ga bakinta ya motsa, ban sani ba ko kuka ne ke zuwa ko dariya. Ta ce, "Na farin kaɗai, ko duka?"

"Duka. Har na ubanki, kada a yi kuskuren wata Rifkatu."

Ta duƙa ta fara rubutu. Ni ban iya karatu ba, amma na iya auna tsawo. Ta cika layi ɗaya, ta sauka na biyu, ta shiga na uku.

"Sunan naki gona ne? Mi kike ƙarawa?"

"Ki bari in gama."

"Karanta mini."

"An ce ba a karantawa."

"To ta ina zan san abin da kinka sa?"

Ta naɗe takardar sau biyu, ta sa mini a tafin hannu, ta rufe yatsuna a kai. "Ba za ki sani ba, Mama Laraba."

Dattijon da ke riƙe da ƙwarya ya iso gabana ya tsaya. Ni da ba na sayen gero sai na nutsa hannu har gindin buhu, ni da ba na barin a auna mini mai sai na leƙa kwalba, ga takarda da sunana za ta tafi gaban Allah, matar da na ƙi shekara tara ce ta rubuta, ban san ko ta ce Laraba mayya ce ba. Zan iya soke ta a zane in kai wa kakanku ya karanta. Hannuna har ya nufi kugu. Dattijon ya yi gyaran murya. Na ce a raina, Ubangiji, ga ta nan, da abin da na faɗa da abin da ban faɗa ba, da ita da ni, ka karɓa duka. Na buɗe hannu. Abin da ya faru ke nan. Ba durƙuso, ba ihu. Amma tun da uwata ta haife ni ban taɓa ɗaga abu mai nauyin buɗe yatsun nan biyar ba.

Aka fita gindin darbejiya aka ƙyasta ashana, ana waƙa. Iska ta juyo da hayaƙin gefenmu. Nan ne idona ya yi ruwa. Gaskiya ne Rifkatu ta miƙo mini gefen mayafinta, gaskiya ne kuma na karɓa, amma saboda hayaƙi.

Washegari da safe na yafa mayafi na bi ta tsakiyar gari zuwa gidanta, ban bi ta lungu ba. Na yi sallama. Muka yi gaisuwar shekara tara a zama ɗaya: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina aiki, ya sanyi, ya zafin bara, ya ruwan bariya. Da gaisuwa ta ƙare na ce na zo kan maganar yara. Ta ce waɗanne yara, don ajinta ma yara ne. Sai da ta sa na faɗi sunan Dauda da na Maryamu da bakina. Sannan ta ce, game da littafin nan, ita taimako ta yi niyya. Na ce ban tambaye ta ba. Ta kawo kunu muka sha. Cikin makon maza suka je neman aure, aka aika wa mutanen Maradun da haƙuri, Dauda ya kwance akwatinsa daga babur.

Kada ku ɗauka abin ya zo kyauta. Kwarjinina ya ragu a majami'a. Yaran da in na kalle su suke daskarewa suka fara yi mini murmushi. Asabe ta yi wata uku tana tambayata a kasuwar Talata ko ina da wasiƙar da za a rubuta mini. Mafi wuya kuma, Rifkatu ba ta sake hali ba ko kaɗan. Ta gyara mini yadda ake wankan jariri, ni da na haifi bakwai. Ta gyara mini gishirin miya a gidana. Na ɗauka miƙa wa Yesu abu kamar sayar da akuya ne, a karɓi igiya ka juya ka tafi. Ashe kamar sharar tsakar gida ne, ka share yau, gobe ganye ya zubo. Sau nawa na tashi da safe na ce, Ubangiji, ga Rifkatu kuma, jiya na sake ɗauko ta. Bai taɓa cewa ya gaji ba. Kuma a wajen miƙa ta na koyi miƙa sauran: ranar da aka binne kakanku, da shekarar da hanyoyi suka lalace Dauda yana fita gyara ƙauyuka ba na sanin ko zai dawo. Da ban koyi buɗe hannu a kan ƙaramin abu ba, da manyan sun karya ni.

Shekara goma sha bakwai muka yi muna surukai. Bara da ciwo ya kwantar da ita, kullum da la'asar ina zuwa in zauna a gefen gadonta, in yi mata waƙa, tana gyara mini inda ta ce na ja da yawa. Wata Talata na ga jikin ya yi nisa, ɗakin kuma ba kowa sai mu biyu. Na matsa kusa.

"Rifkatu, tsakaninki da Allah, mi kinka rubuta a layi ukun nan?"

Ta buɗe ido da ƙyar. Ta daɗe tana kallona, sai na ga murmushin nan nata mai ban haushi ya taso.

"Mama Laraba, shekara goma sha bakwai kina riƙe da wannan? To nemo wata takardar."

"Wa zai rubuta mini in kin tafi?"

"Wannan karon ki faɗa masa da baki. Yana jin Hausa."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na ba ta ruwa ina yi mata faɗa. Ranar Alhamis ta cika.

Saboda haka duk wanda ya ce muku ya san abin da ke cikin takardar nan, ƙarya yake yi, ko da uwarku Maryamu ce. Mu uku ne a cikin maganar: ni, da Rifkatu, da Ubangiji. Biyu sun san abin da aka rubuta, kuma yanzu suna wuri ɗaya. Ni ce ban sani ba. Na bar musu.